Lamu: Garin Da Ake Duba Ruwa Kafin A Duba Agogo

Lamu tsibiri ne a tekun Indiya, can arewacin gaɓar ƙasar Kenya, ba nisa sosai da iyakar Somaliya. Babban garin da ke kansa ma Lamu ake ce masa, tsohon gari ne na Musulmin Sawahili, masunta da matuƙa jiragen ruwa, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2001. Baƙo yakan iso da tsarinsa a rubuce: yau kango, gobe su, jibi bakin teku. Kafin kwana biyu tsarin ya watse, domin a Lamu teku ke yanke lokacin fita da na dawowa. Wanda ya fahimci cikar ruwa da janyewarsa, ya kuma san iskar da ke kadawa a watan da ya zo, shi ne zai mori garin. Saboda haka daga nan ya kamata a fara.

Sau biyu teku ke kawowa a yini da dare, sau biyu kuma take janyewa. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana ja baya da kamar minti hamsin. Idan yau ruwa ya cika da ƙarfe huɗu na yamma, gobe sai wajen biyar saura, jibi biyar da rabi ta wuce. Girman cikar kuma wata yake bi, abin da ya sa lissafin ya zo da sauƙi ga duk wanda ya saba ƙirga kwanan watan Musulunci. Daga tsayuwar wata zuwa uku gare shi, da kuma daga sha biyar zuwa sha bakwai, ruwa yana yin babbar cika da babbar janyewa, bambancin yakan kai mita uku, wani lokaci ya ɗara. Mutanen garin suna kiran waɗannan kwanaki bamvua. A wajen takwas ga wata da ashirin da uku gare shi kuwa ruwan yakan yi sanyi, bai cika sosai ba, bai janye sosai ba, su ne kwanakin maji mafu. A kwanakin babbar cika, ruwa yakan kai ƙarshen janyewa da hantsi, wajen ƙarfe goma, ya dawo ya cika bayan la'asar. Wannan ɗan lissafi shi ne mabuɗin komai: hanyar da jirgi zai bi da la'asar, da hantsi taɓo ce zalla, kuma jirgin da ya makara da rabin awa sai ya zauna a kan laka har ruwa ya dawo ya ɗaga shi.

Akwai wani ruɗanin kuma da ke sa baƙi rasa jirgi. Masu jin Sawahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne, azahar ta sha biyu ƙarfe shida ce. Idan matuƙin jirgi, wato nahoda, ya ce a haɗu da ƙarfe biyu na safe, takwas yake nufi. A cire shida ko a ƙara shida, shi ke nan. Mafi aminci shi ne a ɗaura alkawari da salla: bayan asuba, bayan la'asar. Wannan ba ya ruɗa kowa. A kuma tuna agogon Kenya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Iska kala biyu ce a shekara. Daga wajen Disamba zuwa Maris kaskazi ke kadawa daga arewa maso gabas: zafi, sararin sama garau, ruwa a kwance kuma tas, masunta suna fita har wajen tsibiran. Daga Afrilu zuwa wajen Oktoba kusi ce daga kudu, mai ƙarfi, tana tayar da igiyar ruwa, kuma farkonta ne damina mai yawa, Afrilu zuwa Yuni. A lokacin kusi ƙananan jirage ba sa kuskurar fita babbar teku, sai su tsaya a mashigin da ke tsakanin tsibirai, kifi ya yi ƙaranci ya yi tsada, ruwan kuma ya gurɓace da laka. Wanda burinsa ya leƙa ƙarƙashin ruwa ya ga murjani da kifaye, ya zo tsakanin Nuwamba da Maris. Wanda yake son sanyi, Yuli zuwa Satumba ba laifi, amma ya cire ran tafiya mai nisa a teku.

Da safe, bakin ruwa

Abin farko da zan ba kowa shawara ya yi, kuma ba a biyan ko sisi, shi ne ya fito bayan sallar asuba ya bi titin bakin ruwa. Lokacin ne jiragen da suka kwana a teku ke shigowa, ana sauke kifi, ana kuma sauke yashi, duwatsun gini da sandunan itace a loda wa jakuna. A nan ake koyon sunayen kifi, kuma sanin sunan yana rage wa mutum tsada. Nguru dogo ne mai sheƙi, namansa fari, ƙaya kaɗan, shi ne na yanka-yanka a soya. Jodari jan nama gare shi, yana saurin bushewa a wuta idan aka bar shi ya daɗe. Changu da tewa na gindin duwatsu ne, su suka fi daɗin gashi. Tafi ƙarami ne mai araha wanda mutanen gari ke ci kullum, amma ƙayoyin bayansa suna da dafi, ko ya mutu kada a damƙe shi da hannu tsirara, a bar mai sayarwa ya datse su da wuƙa tukuna. Akwai ƙaguwa manya da ake kamowa cikin laka, da jatan lande, da pweza mai hannu takwas wanda sai an bubbuga shi ya yi laushi kafin a dafa.

Gane ɗanyen kifi ba wuya. A ɗaga murfin kunnensa, cikin ya zama ja jawur, ba ruwan ƙasa ba. Ido ya fito tar, ba ya lotsa ba. A danna jikin da yatsa, idan gurbin ya koma nan take kifin na yau ne. A yi ciniki kan kilo ko kan kifin ɗungurungum, a kuma faɗa tun farko ko da gyara ne, domin kankare ɓawo da fitar da hanji wani yaro ne daban ke yi, yana kuma jiran ɗan abin hannunsa. Zafin garin ba ya ɗaga wa kifi ƙafa: wanda aka saya da bakwai, in babu ƙanƙara, ya hau wuta kafin azahar.

Yawancin gidajen haya a Lamu da ƙauyen Shela da ke kusa da shi suna da mai dafa abinci, kuma zama kusa da shi a ga yadda ake samaki wa kupaka, wato gasasshen kifi mai miyar kwakwa, ya fi yawo da yawa amfani. Ga yadda yake ga kifi mai kilo ɗaya. A tsaga jikinsa sau uku ko huɗu kowane gefe, har wuƙa ta taɓa ƙashi. A daka tafarnuwa ƙwaya biyar, citta ɗanya kamar girman babban yatsa, barkono biyu da gishiri, a matse lemun tsami biyu, a cusa cikin tsagar, a bar shi rabin awa. A kankare kwakwa biyu busassu, a zuba ruwan ɗumi kofi ɗaya a matse, wannan ita ce madarar farko mai kauri, a ajiye ta gefe. A ƙara ruwa kofi biyu a sake matsewa, a ɗora wannan ta biyun a wuta da rabin cokalin shayi na kurkur, da jiƙaƙƙiyar tsamiya cokali biyu, da ragowar dakan. Idan ta ƙone ta koma rabi sai a zuba madarar farko, a rage wuta, a yi ta juyawa. Kuskuren da aka fi yi a nan yake: in aka bar madarar farko ta tafasa da ƙarfi ko aka daina juyawa, sai ta tsinke, mai ya hau sama, ƙasa ya zama gudaji. Kifin kuma a gasa shi a garwashin da ya yi toka-toka, ba mai harshen wuta ba, a shafa wa ragar mai don kada fata ta manne. Sai ya kusa nuna ake fara shafa miyar, a juya, a sake shafawa, sau biyu ko uku. Wanda ya shafa tun farko, kwakwar za ta ƙone ta yi ɗaci alhali cikin kifin ɗanye ne. Da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa ake ci.

Fita su a jirgin filafilai

Jirgin Lamu na katako ne, da sanda ɗaya a tsakiya da ƙyalle mai kusurwa uku da iska ke turawa. Babba mai ɗaukar kaya shi ne jahazi, matsakaici mashua. A goshin kowanne za a ga wani zagayayyen katako da aka zana wa wata da tauraro, suna ce masa idon jirgi. Masu neman baƙi suna da yawa a bakin ruwa, kuma galibinsu dillalai ne, ba masu jirgin ba. Kafin a ba da kuɗi a nemi ganin nahodan da jirginsa, a kuma daddale abu biyar: kuɗin na jirgi ne gaba ɗaya ko na kowane mutum, akwai inji da isasshen mai in iska ta ɗauke, abinci da ruwan sha a kan wa suke, akwai rigunan hana nutsewa daidai yawan mutane har da na yara, da kuma lokacin dawowa. A ba da kafin alƙalami kaɗan don cefane, sauran sai an sauka. Maganar rigar nan ba ta wasa ba ce. Yawancin baƙin da suka taso nesa da teku ba su iya iyo ba, kuma mashigin yana da ja mai ƙarfi.

A cikin jirgi ana cire takalmi, ana zama inda nahoda ya nuna. Idan za a juya, sai an zagaya da doguwar sandar ƙyallen ta gaban sandar tsakiya, igiyoyi suna shawagi, a lokacin kowa ya sunkuyar da kai, sannan a koma gefen da iska ke bugowa don nauyi ya daidaita. Da safe iska kan yi rauni, tana tashi ne bayan azahar, shi ya sa fita kan zama da inji, dawowa da ƙyalle. Mai saurin jin jiri ya ci abu kaɗan mara maiƙo, ya sha maganinsa awa guda kafin tashi, ya kafa ido a kan gaɓa, kada ya duƙufa kan waya.

Sun da ake koya wa baƙo na fatsa ne ba sanda: zaren roba a naɗe a katako, dalma a ƙarshe, ƙugiya ɗaya ko biyu a samanta da kamar kamu guda. Koton yankan ngisi ne, wani farin naman ruwa mai yauƙi, ko jatan lande. Na farkon ya fi, domin yana da tauri, ƙananan kifi ba sa saurin tsinke shi. A soke shi sau biyu, a bar bakin ƙugiya a fili. A saki zare har a ji dalma ta taɓa ƙasa, sai a ɗago kamar kamu ɗaya, in ba haka ba ƙugiya za ta maƙale a dutse a yi asararta. Zaren ya kwanta a kan ɗan ali, babban yatsa ya danne shi. Ƙananan taɓe-taɓe na 'yan kifi ne masu satar koto, kada a fizga. Idan aka ji nauyi ya ja ƙasa, a fizga sau ɗaya gajere, a ci gaba da jawowa hannu bayan hannu ba tsayawa, domin tewa in ya sami sarari rami yake shigewa, kuma ba ya fitowa. Kada a taɓa naɗe zare a tafin hannu: babban kifi in ya ja, zaren yanka yake kamar reza. Kifi ya fi ci lokacin da ruwa ke fara motsi, ko shigowa ko fita. In ruwa ya tsaya cik ba sa ci, in kuma ja ya yi tsanani dalma ba ta zama a ƙasa, sai a ƙara mata nauyi ko a sauya wuri. Duk abin da ya hau ƙugiya wanda ba a sani ba, a bar ma'aikatan jirgi su cire. Akwai talibambam na teku mai kumbura ciki, gubarsa tana kisa, ba a cinsa, akwai kuma masu ƙaya mai dafi da suka yi kama da dutse.

Yawanci ana sauka a gaɓar Manda, tsibirin da ke fuskantar Lamu, a hura gawayi a gasa abin da aka kama. A watannin kaskazi ana iya wucewa Manda Toto, wani ɗan tsibiri da ke bayan Manda, inda ake leƙa murjani da gilashin ido da bututun numfashi. Tafiyar yini ce cur, kuma tana bi ta mashigin Mkanda, don haka ita ma da lissafin ruwa ake tsara ta. Kada a taka murjani ko a ɓalle shi, yana yanka ƙafa, raunin kuma yana saurin ruruwa, shi kansa kuma shekaru yake ɗauka kafin ya sake tsirowa.

Takwa ce wurin da lissafin ruwa ya fi tsanani. Kangon wani garin Sawahili ne a kan Manda wanda ya bunƙasa a ƙarni na 15 da na 16, aka watse daga cikinsa a ƙarni na 17, kuma babban dalilin da ake bayarwa shi ne rijiyoyinsa sun koma zartsi. Mutanensa suka ƙetara suka zauna a Shela. Ana shiga ne ta wani siririn rafi a tsakiyar kurmin mikoko, itatuwan nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyi a waje, kuma rafin ba ya ɗaukar jirgi sai ruwa ya cika. A shiga kamar awa guda kafin ƙarshen cika, a fito kafin awa guda bayanta. Awa biyun nan sun isa a ga masallacin Juma'a mai dogon ginshiƙi a kan bangon alƙibla, da ragowar ganuwa, da kabarin mai ginshiƙi, da manyan kukoki da suka tsaya a tsakanin gidajen. A jikin wasu bangaye akwai zanen jiragen ruwa da aka ƙarta tun zamanin. A haura tudun rairayin da ke baya a ga buɗaɗɗiyar teku. Hukumar gidajen tarihi ta Kenya ke kula da wurin, akwai kuɗin shiga, a tambaya ko yana cikin kuɗin jirgi. A kwanakin maji mafu babban jirgi ba ya kaiwa, sai ƙarami. A tafi da maganin shafawa na sauro, domin kurmin yana da ƙwari masu cizo da yamma.

Cikin gari

An gina tsohon garin da dutsen murjani da farar ƙasa, rufin kuma da sandunan mikoko, shi ya sa ɗakunan dogaye ne marasa faɗi: tsawon sandar ne ya ƙayyade faɗin ɗaki. Lungunan sun yi kama da na cikin birnin Kano, sai dai sun fi matsi, gidajen kuma benaye ne, abin da ke sa inuwa da iska duk yini. Mota ba ta shiga. Babura sun shigo a shekarun baya-bayan nan, sun fi yawa a bakin ruwa, amma har yanzu jaki ne mai ɗaukar kaya. In an ji ƙarar kofato ko an ji mai jaki yana kira, a manne da bango a juya masa gefe, domin mangalar da ke cike da dutse ba ta san rigar kowa ba. A duba ƙasa kuma, kwatoci a buɗe suke a gefen lungu. Akwai asibitin jakuna a bakin ruwa da aka buɗe a 1987, inda ake yi musu magani kyauta. Ya cancanci leƙawa na rabin awa, musamman da yara.

Ɓata ba abin tsoro ba ne a nan: duk lungun da ya gangara, bakin ruwa zai kai ka. Babban titin kasuwa yana kwance a bayan layin gidajen farko, ya bi ta dandalin Mkunguni, gaban tsohon ginin tsaron da aka gina tsakanin 1813 da 1821, wanda ya zama kurkuku daga 1910 zuwa 1984. Gidan tarihin Lamu da ke bakin ruwa yana da siwa guda biyu, manyan ƙahonin sarauta da ake busawa ta gefe, ɗaya na hauren giwa daga tsibirin Pate, ɗaya na tagulla. Akwai kuma wani gidan Sawahili da aka mayar gidan kallo, inda za a ga 'yan tagogin ado da aka sassaƙa a farar ƙasa a bangon ɗakin uwargida, da kwatarniyar wanka ta gini. Ƙofofin da aka sassaƙa da hannu suna ko'ina, kuma masassaƙan suna aiki a fili, ana iya tsayawa a kalla in an yi sallama.

Masallacin Riyadha yana can ciki, sama da kasuwa. Habib Swaleh ne ya kafa shi, sharifi ɗan asalin Hadramaut da aka haifa a tsibiran Komoro, ya zauna a Lamu a ƙarshen ƙarni na 19, ya rasu a 1935. An san shi da karantar da talakawa da bayin da aka 'yanta a lokacin da manyan gari ke ƙyamar zama da su, kuma makarantarsa ta yaye malamai da suka bazu a gabashin Afirka. Akwai tsofaffin littattafai rubutun hannu a wurin. Maulidin da ake yi a nan a ƙarshen Rabi'ul Awwal yana tara jama'a daga ƙasashe da dama, da tseren jirage da na jakuna. Mai son zuwa a lokacin ya kama masauki tun da watanni, mai neman shiru kuma ya kauce wa makon, haka ma makon bikin al'adun Lamu da ake yi a Nuwamba.

Abu biyu za su ba masallaci daga ƙasar Hausa mamaki. Alƙibla a Lamu arewa take, ba gabas ba, domin Makka tana kusan saitin garin ta sama, don haka kada a shimfiɗa darduma a masauki bisa sabo, a tambaya. Sannan mutanen Shafi'awa ne: liman yana bayyana bisimilla, ana ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a ɗage. A bi liman kawai. Gari ne mai kunya, maza da farar doguwar riga, wato kanzu, da hula mai ɗinkin hannu, mata da baƙin lulluɓi. Ba a ɗaukar hoton mace ko dattijo sai da izini, ba a kuma shiga gida sai an ce hodi, wato neman izinin shiga, an ji karibu, wato maraba.

Bayan la'asar masu gahawa suna fitowa da butocin tagulla. Gahawar mai ɗaci ce da citta, a 'yan ƙananan kofuna, ana haɗa ta da alewar halwa ko dabino. A zauna a dakalin ƙofar gida ko na dandali, a sha, a kalli masu wasan bao, wata irin dara. Da safe kuma abin karyawa mahamri ne, wani soyayyen fanke mai kusurwa uku, da waken mbaazi a madarar kwakwa.

Shela da Matondoni

Shela tana kudu da garin da kamar kilomita uku, tafiyar minti arba'in a ƙafa ta bakin ruwa, ko minti goma a jirgi mai inji. A babbar cika ruwa yakan hau wasu sassan hanyar, gara a bi ta da safe. Ƙauyen ya cika da gidajen baƙi masu tsada, amma masallacinsa na Juma'a mai hasumiyar 1829 yana nan, daga bayansa kuma rairayin bakin teku ya miƙe kilomita goma sha biyu babu gini. Babu inuwa kuma, babu mai sayar da ruwa in an yi nisa. A tafi da lita biyu ga kowane mutum, a fita kafin takwas ko bayan huɗu, kuma kada mutum ɗaya ya yi nisa shi kaɗai. Wurin wanka mafi hatsari shi ne bakin mashigin, inda ruwan da ke tsakanin Lamu da Manda ke fita teku: lokacin janyewa yana ja kamar kogi. A yi wanka lokacin da ruwa ke shigowa, a tsaya inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Jigawar da ke bayan rairayin ita ce rumbun ruwan shan tsibirin gaba ɗaya, ruwan sama take tsotsewa ta riƙe, daga nan rijiyoyi ke samu. Wanda ya ga Takwa ya san abin da ke faruwa in aka zuƙe irin wannan ruwa fiye da kima, don haka a taƙaita wanka a masauki.

Matondoni, a arewa maso yammacin tsibirin, ƙauyen masu ƙera jirgi ne. A ƙafa ko a jaki wajen awa biyu ne cikin yashi, a jirgi kuma a bi cikar ruwa. Ba zane a takarda, ba ma'auni sai igiya da ido. Ana fara kafa ƙashin bayan jirgin, a ɗora haƙarƙari daga rassan da suka tanƙwaru tun a bishiya, domin itacen da aka yanko a miƙe aka sassaƙa shi ya lanƙwasa karyewa yake. Ana feƙe katako da gizago, a huda da abin huji mai baka da tsirkiya, a buga ƙusa a lanƙwashe bakinta ta ciki. Tsakanin katakai ana cusa auduga da aka jiƙa da mai, a shafe jikin da man kifi. In cushen ya yi sako-sako jirgi ya yi yoyo, in ya yi yawa kuma katako ya kumbura a ruwa ya tsage. Matan ƙauyen suna saƙa tabarmi da faifai da kabar goruba, saye daga hannunsu ya fi araha kuma kuɗin yana zuwa inda ya dace. Sana'ar tana fuskantar matsi daga jiragen roba masu inji da ƙarancin manyan itatuwa, kamar yadda masunta ke kukan wuraren sun da suka rasa tun da aka yashe teku don sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lamu, wadda aka buɗe a 2021.

Game da zuwa, a bi ta sama. Jirage suna tashi daga Nairobi, Mombasa da Malindi zuwa filin da ke kan Manda, daga nan a ƙetara a jirgin ruwa cikin minti goma. Ƙananan jiragen suna ƙayyade kaya, wasu kilo 15 kacal. Hanyar mota daga Malindi zuwa Mokowe, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa tsibirin, ta ratsa yankin da mayaƙan al-Shabaab suka sha kai hari, don haka duk da tsibirin kansa lafiya yake, ban ga dalilin bin ta ba in akwai halin tikiti. Mai tasowa daga Najeriya ya riƙe katinsa na rigakafin shawara, ya kuma bincika ƙa'idar shiga Kenya ta lokacin kafin ya sayi tikiti. Akwai zazzaɓin cizon sauro, a kwana cikin gidan sauro. Bankuna da na'urorin cirar kuɗi suna cikin garin Lamu, ba a ƙauyuka ba, kuma masu jirgi da masu kifi tsabar shilin suke karɓa ko M-Pesa, wato biyan kuɗi ta waya, don haka a tanadi canji ƙanana kafin a nufi Matondoni ko Manda.